Ranar da Likita Ya Hana Baffa Kallon Sama

"Malam, jininka ya hau. Me kake yawan tunani?"

Haka likita ya tambayi Baffana a wani ƙaramin asibiti a Azare, wajajen 2007. Ni na kai shi a babur, don ya kwana biyu ba ya barci, abinci ma sai an matsa masa.

Baffa manomi ne. Yana saurayi suka taso daga Yobe, bayan rairayi ya cinye gonar mahaifinsa. A shekarar nan ya yi binne, wato ya zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Aka yi yayyafi, shuka ta fito, rana ta ƙone ta. Ya sake binnewa. Kullum da safe sai ya je ya tone rami ɗaya, ya duba ko ƙwayar tana nan.

Likitan ya ce shi ma sauyin yanayin nan yana damunsa, yana jin labarinsa a rediyo. Ya rubuta magani. "Ka rage tunani, Malam. Ka daina yawan kallon sama."

Baffa ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Likita, kai ko an yi ruwa ko ba a yi ba, za a ɗora tukunya a gidanka."

Likitan ya kira mai bi masa.

Muna fitowa, kafin ya hau babur, Baffa ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Har yau ban san maganin wannan ciwon ba. Ku fa, akwai irin Baffa a gidanku?