Ƙanƙara Ta Ci Yatsuna

A lokacin ina kitso a wani shago kusa da titin Fordham Road a nan Amurka, kuma an san hannuna, har daga Staten Island mai nisa mata suke zuwa su jira ni. Ban san ko'ina ba sai shago da gidanmu na unguwar Highbridge. Ina da ƙawa 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, mace mai ƙarfin zuciya da ta shiga ƙungiyar masu hawan duwatsu. Kullum tana yi mini tsiya wai zan tsufa a kan kawunan mutane ban ga Amurka ba. Da sanyi ya yi tsanani ta ce mu tafi arewacin jihar da muke zaune mu kwana a tanti, mu hau ruwan da ya daskare a jikin dutse. Maigidana bai so ba, na yi ta lallashi har ya ƙyale ni.

Ranar Asabar komai ya tafi daidai. An ɗaura mini igiya, an ba ni ƙananan gatura da takalmi mai ƙusoshi, na hau har ina dariya. Lahadi da safe na narka ƙanƙara na yi alwala, na zura safar hannu ban goge hannuna ba. Safar ta jiƙe, ta sandare. Ina kan hawa yatsuna suka fara zogi kamar ana soka mini allura. Ƙawata ta ɗaga murya daga ƙasa tana tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, don kada Turawan da ke tare da mu su ce baƙuwa ta gaza. Can sai zogin ya ɗauke, na yi hamdala, na zaci hannun ya saba. Da na sauko aka cire safar, yatsun sun yi fari fat, sun yi tauri kamar itace. Jagoranmu ya kalle su, ya ce a tattara kaya yanzu.

Likita ya yi makonni yana jira ko za su farfaɗo. Suka kumbura, suka yi baƙi, daga ƙarshe aka yanke na tsakiyar hannun dama. Na koma shago na gwada, gashi yana zamewa, matar da na zaunar ta tashi tana ba ni haƙuri. Ranar da aka yanke yatsan ƙawata ta zo asibiti ta yi kuka, tun daga nan kunya ta hana ta zuwa, ni ma ban iya kiranta ba. Yanzu 'yata sai na kai ta gidan maƙwabciya a yi mata kitso, ina zaune ina kallo.

Na san ƙaddara ce, amma zuciyata ba ta huta ba. 'Yan'uwa, sanyin ƙasar nan ba irin wanda muka sani ba ne. In jikinku ya yi ciwo ku faɗa, ko a gaban wa. In ciwon ya ɗauke cikin ƙanƙara kuma, kada ku yi murna, naman ne ya fara mutuwa.