Malamin da Ya Durƙusa a Bakin Kwata

Ina zaune a shagon tela a New Bell, sai ga wani malami tafe, ɗaliban sakandare na biye da shi. Dogo ne siriri. Farar rigarsa ta sha guga, amma wuyanta duk ya zare. Tun da aka zaftare albashi, irin rigar da kake gani ke nan a jikin malamai. Da gani ba ɗan unguwa ba ne, wataƙila daga Deïdo yake takowa da ƙafa kullum.

Yana tsaye a bakin kwatar da ruwan sama ya cika, yana tambayarsu da Faransanci me ya sa ruwa ke shiga ɗakunan wasu ya bar na wasu. Waɗansu sun toshe hanci, waɗansu suna dariya. Wata yarinya mai farin kallabi tana ta laɓewa a bayan ƙawayenta. Matar da ke suyar ƙosai a gefen kwatar ita ma ta sunkuyar da kai.

Ya dubi yarinyar, ya dubi matar. Sai ya ƙarasa ya durƙusa, gwiwar wandonsa cikin taɓo.

"Sannu da aiki, Mama," in ji shi da Hausarsa ta koyo. "Mun tsaya miki a ƙofa ba sallama. Ki yafe mu."

Dariya ta ɗauke. Yarinyar ta fito a hankali ta tsaya kusa da kaskon.

"Monsieur," ta ce, "mahaifiyata ce."