Furen Gembu a gindin randa

Shekarun baya yayana ya rasu a Gembu, inda yake aikin koyarwa, can kuma aka binne shi. Mahaifiyata ba ta taɓa wuce Gusau ba, don haka ni aka tura in ga kabarin. Kusa da maƙabartar na ga wani ɗan tsiro mai ganye mai kaushi-kaushi da ƙananan furanni shuɗaye. Na tono ɗaya da ƙasarsa, na sa a gwangwanin madara, don kada in koma mata hannu rabbana.

A mota kowa sai ya tambaya, "Malam, maganin mene ne?" Da na gaji na ce na basir ne. Har wani dattijo ya roƙi ganye biyu.

Da na iso gida Kaura, Inna ta dasa shi a fasasshiyar tukunya, ta ajiye gindin randa inda akwai sanyi. Kullum sai ta ba shi ruwa kafin ta sha. Ba ta taɓa cewa don ɗanta take yi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Da bazara ta kama, tsiron ya bushe ƙurmus. Lokacin kawuna ya zo daga Dauran. Manomin gero ne, a wurinsa abin da ya bushe ya gama aikinsa. Sai ya tumɓuke shi, wai yana taya mu shara.

"Mi kaka yi haka?" in ji Inna.

"Wanga haki ai ya mutu, Yaya."

Sai ga saiwa a hannunsa, ɗanya shar. Ashe irin tsiron nan kwanciya yake yi, ya sake tohowa. Mun mayar da shi, amma bai tashi ba. Inna ta ci gaba da zuba ruwa har damina ta wuce. Rannan ta kifar da tukunyar, ta ce mini, "Ɗauke ni ka kai ni in gani da idona."

Na kai ta har Gembu. Ta yi addu'arta, ta daɗe tana kallon gangaren dutsen da ke kusa da maƙabartar. Na ce in tono mata wani? Ta ce, "Bar shi nan. Shi ma nan munka bar shi."

Har yau ban san sunan furen ba. Na dai gane ban kawo mata abin da take nema ba, jinkiri kawai na kawo mata. Da kawu bai yi ɓarnarsa ba, da wataƙila ta bar duniya ba ta ga kabarin ɗanta ba.