Faifan da Mounkaila Ya Zaɓa

Mounkaila mutumin Damagaram ne, direba a Paris, mai ɗaki guda a unguwar Goutte d'Or a saman shagon wani mahauci. Duk mako yana jigilar ma'aikatan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, amma ran Lahadi ba ya sanin kowa sai faifai. Wani Ba'amurke da Mounkaila yake tuƙawa ne ya koya masa wasan a farkon shekarun casa'in: ka jefa faifan roba daga nesa, ka bi shi, ka sake jefawa, har ya faɗa kwandon da aka kafa a kan sanda. Wanda ya isa da jifa kaɗan shi ya ci. Mutanen unguwa suna cewa ga babba da gemu yana wasa da murfin tukunya. Shi ko a jikinsa.

Taƙamarsa ita ce iya zaɓe. Sai ya ɗauki faifai ya danna da babban yatsa, ya lanƙwasa, har shinshinawa yake yi kamar mai sayen kifi. Na jifan nesa, mai tauri. Na kusa da kwando kuwa, mai laushi, wanda in ya sauka yake lafewa a ciyawa.

Shi ya koya wa Nouhou, taubashinsa, mai gyaran lif a dogayen benayen unguwar Minguettes a Lyon. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi ba: wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne dai bawan. Mounkaila ba mata, ba 'ya'ya, wannan tsokanar ce kaɗai abin gida da ya rage masa a Faransa.

Sai dai Nouhou ya fi malaminsa hannu, nesa ba kusa ba. Turawan da Mounkaila ke wasa da su suka fara tambayarsa yaushe ɗan'uwan nan nasa zai sake zuwa Paris. Yakan yi murmushi, amma ba ya son tambayar. Hassada ce tsagwaronta, ya kuma san ita ce.

Da 'yan wasan Lyon suka shirya 'yar gasa a wani fili mai gangare a bakin tafki, Nouhou ya bugo waya ya ce maza bawansa ya zaɓo masa faifan kusa da kwando. Mounkaila ya san filin sarai. Ya ɗauki mai laushi, ya juya shi, ya mayar. Ya zaɓi mai tauri mai sheƙi, irin wanda in ya sauka a gefe yake mirginawa sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Ya lallashi kansa cewa tsakanin taubasai ai ba laifi: Nouhou zai gane, ya zage shi tas, ya rama, a yi dariya. Ya aika da shi ta hannun wani direba, ya zauna jiran zagi.

Wayar ta zo bayan gasar. Nouhou ya yi doguwar gaisuwa, ina aiki, ina sanyi, ina gajiya, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya Mounkaila," in ji shi, "abin nan ya yi ta gudu har cikin ruwa. Ni ne na ƙarshe."

"Bawa dai bawa ne," in ji Mounkaila, yana ƙaƙalo dariya.

Nouhou bai taya shi ba. "A'a. Kai ba ka zaɓen banza, kowa ya sani. Hannuna ne, c'est fini, ya ƙare. Na bar wasan. Na gode da wahala."

Mounkaila ya buɗe baki zai ce tsokana ce, sai ya ga ba hali. Da tsokana ce, da tun kafin gasar ya faɗa, Nouhou kuma ba yaro ba ne da zai kasa gane haka. Sai ya ce Allah ya kyauta.

Ya ci gaba da zuwa fili ran Lahadi, ba kuma wanda ya fi shi a cikin 'yan ƙasarsu. Nouhou yana kiransa duk Sallah, ya gaishe shi da ladabi, kamar yadda ake gai da surukai.