Ƙarar da Ban Ji da Kunnena Ba

Yanzu idan mota ta fara ciwo, na'ura ake jona mata a karanta abin da ke damunta, kamar takardar gwajin asibiti. Jikokina sun ɗauka haka aka saba tun asali. A lokacin da nake magana, shekara ta biyu bayan sojoji sun koma bariki, bakanike ba shi da abin dogaro sai kunnensa da abin da mai mota ya gaya masa.

Ina zaune a Agege, na rage fataucin goron da ya kai ni Kumasi da Abijan har Fot Sudan. Ina da wata tsohuwar mota da na sayo a Kwatano. Lafiyarta ƙalau sai da damina, idan ruwa ya kwanta a titi ya shiga kwanon birkin baya, sai ka taka ka ji kamar soso ka taka. A Abijan na ga yadda ake cire birkin kwano a sa na faifai irin na gaba, kuma a shekarun nan kayan tokumbo, na hannu daga Turai, sun cika Legas. Na kai wa bakanikena, Bahaushe haifaffen Agege wanda rabin maganarsa Yarbanci ne da buroka, ya yi aikin cikin kwana biyu. Ina da dalilin gaggawa. 'Yarmu ta fari tana aure a Isolo, cikinta na fari ya shiga wata takwas, kuma mu ne za mu ɗauko ta ta haihu a gida.

Ranar Asabar na kai mai ɗakina walima da maƙwabtanta biyu, su uku a baya. Da muka dawo ta bari sai da na ci abinci, sannan ta ce motar tana wata ƙara a ƙarƙashin inda take zama, kamar ana goga takalmi a kan siminti, duk lokacin da na rage gudu. Na ce sabon birki ne, sai ya saba. Na ce ni da na yi shekara talatin ina tuƙi ban ji komai ba. Ba ta yi musu ba. Ita ba ta kama sunan 'yar fari, don haka cewa ta yi:

"Alhaji, ni dai yarinyar nan ba za ta shiga motar nan ba sai an gano abin. In ya so mu ɗauki shata."

Wannan ya yi mini ciwo, domin saboda yarinyar na yi aikin.

Washegari na koma gareji, kuma a nan na yi kuskuren. Akwai direbobi zaune a kan benci ana shan rake, wasu sa'o'in 'ya'yana. Na ji nauyin in ce iyalina ce ta ji ƙara. A Abijan na sha ganin mace ta zo gareji da kanta tana nuna wa bakanike taya da makulli a hannu, ban taɓa ganin aibun hakan ba, amma da ya zo kaina a tsakiyar 'yan'uwana sai bakina ya ƙi. Na ce ni ne nake jin ƙara a baya idan na taka birki.

Muka shiga mu biyu a gaba, muka zaga har gefen layin dogo muka dawo. Shiru. Ya kwance tayoyin, ya goge faifan da samfefa, ya shafa maiko inda ake shafawa. Bayan kwana biyu na sake ɗaukar Hajiya da ƙanwarta da buhun shinkafa, ta ce ƙarar tana nan, har ta ƙaru. Na koma, ya canja takalman birkin, muka sake zagawa mu biyu. Yana tuƙi yana kallona, yana tambaya ko yanzu na ji, ni kuma ina cewa kamar dai akwai, kamar babu. Mutumin kirki ne, bai ce ina wasa da hankalinsa ba. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, mu je wurin wanda ya koya masa aiki.

Wani tsoho Bayarabe ne, garejinsa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, matarsa tana sayar da amala a gefe. Na gaishe shi da Yarbanci yadda ya kamata, ya ji daɗi, ya ce Yarbancina na 'yan goro ne, na Shagamu. Bai taɓa motar ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ce in kwaikwayi ƙarar da bakina. Na yi wani abu kamar kukan ɓera. Ya ce in sake. Na sake, ta fito daban. Ya tambaye ni ko ta dama ce ko ta hagu, na ce ta dama, can kuma na ce wataƙila hagu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tura ɗalibin nasa ya duba wata danfo, bas ɗin haya, can nesa, ya rage murya.

"Alaji, ka zaga duniya, amma ƙarar nan ba ka taɓa haɗuwa da ita ba. Wa ya ji ta?"

Na ce iyalina.

"To me ya hana ka faɗa tun farko? Haram ne mace ta yi kunne?"

Ya yi dariya, amma bai bari kowa ya ji dalilinta ba, kuma wannan suturar ba zan manta da ita ba. Ya tambayi inda take zama, su nawa ne a baya, da abin da ta ce daidai yadda ta faɗa. Na maimaita masa maganar takalmi da siminti. Ya ce ai ta gama rabin aikin.

Ya kira matarsa ta zo ta zauna a bayan motar, ta ce ita ba buhun gari ba ce da za a auna mota da ita. Ya ce buhun gari bai kai ta ba. Ta zage shi tas, ta goge hannu a zani, ta jawo abokiyarta mai sayar da ponmo, wato ganda, suka shige baya, shi kuma ya matsa tsakaninsu. Na ji motar ta zauna. Ba mu kai kwanar farko ba, ina rage gudu, sai ga ƙarar, shaf, shaf, shaf, daidai da juyawar taya. Matar tasa ta buga ƙafa a hagu ta ce ga ta nan ƙarƙashinta.

Bai ɗaga motar da jak ba. Ya ce wannan shi ya ɓatar da ɗalibinsa, domin da an ɗaga nauyi ya tafi. Ya bar matan a zaune, ya kwanta a kwali ya leƙa, sannan ya ce in cire babbar riga in zo in gani. Tiyon da ke kai man birki tayar baya ta hagu ya yi tsawo ga sabon wurinsa. Idan babu kowa a baya yana nesa da komai, idan mota ta zauna sai ya lanƙwashe ya jingina da cikin taya. Ƙarar kullum tana nan, kukan inji ne ke rufe ta sai an rage gudu. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Robar ta cinye, zaren ciki nake taɓawa. Ya ce da ya huje, man zai tsiyaye, in taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa.  Gangaren gadar Oshodi nake gani a raina, da mace mai ciki da uwarta da akwatuna a baya.

Aka sa gajeren tiyo, aka ɗaure shi da maƙale, aka duba na dama ma. Bakanikena ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce masa laifin tiyo nasa ne, amma kwana biyar ɗin da muka ɓata nawa ne, na gaya masa gaskiyar wanda ya ji ƙarar, a gaban kowa.

Na kawo wa Hajiya tsohon tiyon na ajiye a gabanta. Ta juya shi, ta taɓa wurin da ya cinye, ta ce Allah ya kiyaye, ya saka wa tsohon da alheri. Ba ta ce ai ta gaya mini ba. Ta dai nemi a sake gwadawa da ita da maƙwabtan nan biyu kafin ta yarda, muka zaga unguwa sau biyu tana karkata kunne.

Ranar Juma'a muka ɗauko yarinyar daga Isolo, muka sauko gadar lafiya, ta haihu a gida bayan sati uku. Na kai wa tsohon ƙwaryar goro fari, na kai wa matarsa turmin atamfa. Daga wannan shekarar ban ƙara ɗaukar maganar mai ɗakina na kai ta wani wuri a matsayin tawa ba. Ko a gareji, ko a asibiti, ko gaban surukai, idan ita ta lura da abu, cewa nake yi ita ce ta lura.