Kalmar da Ta Ci Aikin Malam Barau

Duk wanda ya san Malam Barau na Gwallaga ya san in ya runtse ido ya dafa goshi, to sai haƙuri. Tare muka koyar a makaranta ɗaya, shi Turanci ni lissafi, ga shi katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu.

Wata kalma ya tsinto a ƙamus, "conceptualise", ta zame mana jarrabawa. Na ce, "Malam, ba tunani ke nan ba?"

"Tunani? Ko akuya tana tunanin dusa! Wannan shi ne ka gina siffar abu a ƙwaƙwalwarka, ko da abin da hannu ba ya taɓawa ne, kamar adalci."

Da damina katangar nan ta rushe. Na ce a kira magini. Ya dafa goshi.

"Dakata. Mece ce katanga tukuna? Raba mutane take yi ko rufa musu asiri?"

Jama'a, wata biyu matanmu suna kallon tukunyar juna!

A aji ma sai ya sa yara su rufe ido su gina siffar abu. Hedimasta ya gargaɗe shi: ya sake sa yara rufe ido a aji, a bakin aikinsa. Ga iyali, baki tara. Ana gab da samun 'yancin kai sai Baturen makarantu ya zo duba aiki, muka raka shi ajin Malam. Ya tambayi yara ma'anar 'yanci.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a haddace shi. Kowa ya rufe ido. Har da kai."

Innalillahi! Hedimasta ya kama bango. Malam kuwa ya ci gaba.

"Ku siffanta safiyar da rijiya ta rufta, babu Bature a Bauchi, babu wanda za mu ɗora wa laifi sai kanmu."



Ba a jima ba aka sallami Malam daga aiki, ni aka ba takardar in kai masa. Ya karanta, ya ninke.

"Baturen bai rufe ido ba. Amma yaran duka sun rufe."

"Yaya aka yi ka gani?"

"Haba! Wa zai rufe ido a gaban Bature?"

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Gyaɗa ya koma sayarwa a kasuwa, ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Allah ya jiƙan Malam Barau, ya haskaka kabarinsa, ya rufa wa 'ya'yansa asiri.