Gudun Madam Barira

Cikin duk shekarun da na yi ina gadin lise a Madarumfa, ranar da har yau ba ta bar raina ba ita ce ranar da Madam Barira ta zo bakin ƙofa ta ce in buɗe mata ta koma gida. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna yawan yi mini tsiya cewa ina da nawa wajen juya makulli. To, ga inda abin ya samo asali.

Ga wanda bai san tsarin ba, lise ita ce makarantar da ake gamawa da jarrabawar bak, kuma sai da bak ake shiga jami'a. Kafin a zauna rubutu ana fara yin jarrabawar motsa jiki, wadda yara ke kira sipor, cikin zafin bazara. Ana gudu, ana tsalle cikin ramin yashi, ana jifa da ƙwallon ƙarfe, sannan a haɗa makin da na rubutu. Ni aikina ƙofa ne da fili: in tsince ƙaya, in ja layi da farar ƙasa, in cika randuna. A firamare karatuna ya tsaya, amma na san abin da aka hana, kuma ina tsoron kuskure ƙwarai. Matata Rabi takan ce ko kaza ce ta shigo makaranta sai na tambaye ta wa ya ba ta izini.

Madam Barira malamar firamare ce a unguwar da ke kusa da tabki. Ta doshi shekara arba'in, da 'ya'yanta. A waccan shekarar ta yi rajistar bak daga gida, abin da ake kira kandida libir, wato mutum ya yi karatunsa shi kaɗai, ya zo ya zauna jarrabawa tare da yara. Burinta ta shiga jami'a a Maraɗi ta karanta tarihi, ta dawo ta koyar a kwaleji, wato ƙaramar sakandare. Yamai da Damagaram sun yi mata nisa saboda yara, Maraɗi kuwa ana iya zuwa a dawo.

Wata rana da la'asar ta same ni ina yayyafa ruwa a bakin ƙofa. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba Isufu, alfarma na zo nema. Ka riƙa buɗe mini fili bayan sallar asuba, in koyi gudu kafin mutane su fito."

Na ce mata na ga manya irinta sukan kawo shaidar likita a ɗauke musu sipor.

"Lafiyata lau, Baba. In je in ce ma likita mi? Kuma lissafi ya fi ƙarfina. Duk makin da zan samu a filin nan ina bukatarsa."

Na ce ta ba ni lokaci. Ranar ko tuwo ban ci na kirki ba. Doka ta ce ba a buɗe wa na waje ƙofa. Ga shi ni namiji, ita matar aure, da duku-duku, kuma ta nan mata ke wucewa zuwa lambunan bakin tabki. Washegari na je wurin shugaban makaranta, wanda muke kira furobiza. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Isufu, fili ne fa, ba ma'ajin kuɗi ba. Buɗe mata." Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na nemi mijinta, Malam Sani, a rumfarsa ta gyaran babur. Ya yi dariya har ya ajiye sifana. "Ai ni na sayo mata takalman gudun daga Ɗan Issa, Baba. In ta faɗi jarrabawa, ni zan sha ƙorafi shekara guda."

Saura bakin mutane. Sai na roƙi Rabi ta riƙa rako ni. Ta yi mita, amma ta zo da tabarmarta da carbinta. Ni kuwa in na buɗe musu sai in juya baya, in fuskanci hanya. Don haka ban taɓa ganin gudun ba, ji kawai nake yi. Ina jin haki, ina jin Rabi tana cewa, "Madam, wannan gudu ne ko kasuwa za ki?" Bayan 'yan kwanaki sai na fara jin sawun mutum biyu. Ashe Rabi ta ɗaure zane ta bi ta, wai don kada ta ji kaɗaici. Sukan tsaya can ƙarshen fili suna dariya, har in ji tsoron a jiyo su daga hanya.

Ranar jarrabawa ta zo. A irin wannan rana ba furobiza ke da iko ba. Ana turo malamai daga wani wuri, da shugabansu, shi ne shugaban juri. Da zarar an kira sunaye ana rufe ƙofa, ba mai fita sai da izininsa, wanda kuma aka kira bai amsa ba an rubuta masa sifiri. Yara sun cika gindin itatuwan bedi suna hirar inda za su bayan bak. Wannan ya ce Yamai zai karanta likita, wancan ya ce Katsina wurin kawunsa, wata ta ce makarantar horar da malaman wasanni take so. Samarin da suka gama nasu gudun suka hau katanga suna kallo.

Da aka tara rukunin mata, Madam Barira ta cire babban hijabinta, ta rage da ƙarami da doguwar riga da wando. A nan ta ga cewa da yawa cikin 'yan matan ɗalibanta ne na dā, waɗanda ita ta koya wa riƙon alli. Wani yaro daga kan katanga ya ce, "Kai, ku ga Madam da wandon sipor." Aka yi dariya. Ba na jin da mugunta ya faɗa, amma na ga ta tsaya cak.

Ba a jima ba sai ga ta a gabana, ta mayar da babban hijabin, takalman suna cikin leda.

"Baba, buɗe mini."

"Madam, an kusa kiranku."

"Na sani. Ba zan iya ba. Gobe da wane ido zan tsaya gaban ƙannensu a aji?"

Makullin yana hannuna. Gaskiya ba wata dabara na yi ba. Tausayinta ya ce in buɗe, doka ta ce a'a, kuma na san in ta fita wahalar shekara ta tafi a banza. Na ce, "Sai da izinin shugaban juri. Bari in je in tambaye shi."

"Ka je gaban mutane ka ce Madam Barira za ta gudu?"

"To ai ba zan yi masa ƙarya ba."

Ta dube ni, hawaye a idonta, sai kuma dariya ta kuɓuce mata. "Baba Isufu, wallahi kai ma jarrabawa ne."

Muna tsaye haka, ni ban tafi ba, ban kuma buɗe ba, sai ga wata doguwar yarinya mai suna Fassuma, ɗiyar wani masunci, wadda kowa ya san ba a kamo ta a gudu. Ta rusuna ta ce, "Madam, ana ta kiran sunanki. Mun ce ma mushe ba mu tashi sai da ke." Mushe shi ne yadda yara ke kiran malami namiji.

"Ke Fassuma, har yanzu ba ki bar taurin kai ba?"

"A ajinki na koya, Madam."

Madam ta juya ta dubi fili. Sannan ta zauna a kan bencina ta ɗaura takalman, ta miƙo mini hijabin in riƙe mata.

Ranar na fara ganin gudun nata. Da aka busa usur, sai 'yan matan suka kewaye ta, wasu gaba, wasu ta gefen katanga, suka sa ta tsakiya don kada samari su gan ta. Suna tafiya a hankali, daidai ƙarfinta. Mushen da ke riƙe da agogo ya dubi agogon, ya dube su, ya girgiza kai, domin da lokaci ake ba da maki, kuma nasu ne ke zubewa. Ita ma ta gane. Daga bakin ƙofa na jiyo muryarta, irin wadda take tsawata wa aji da ita.

"Ku wuce, na ce. Fassuma, in kika bari makinki ya zube saboda ni, ban yafe ba."

Fassuma ta waiwaya sau ɗaya, sannan ta saki ƙafa, sauran suka bi ta. Madam ta rage a fili, kowa yana ganinta, tana gudu da kai a sama. Katanga ta yi tsit. Cikin na baya ta iso, amma ba ta tsaya ba sai da ta taka layi. Na kai mata ruwa, rabinsa ya zube a hanya.

Da numfashinta ya dawo ta ce, "Baba, yanzu kana iya buɗewa." Na ce to, sai dai har yanzu sai na tambayi shugaban juri. Na je na tambaya, ya ce ta tafi.

Bak ɗin bai zo mata da sauƙi ba, sai a zagaye na biyu ta samu, bayan tambayoyin baki. Yanzu tana jami'a a Maraɗi, a tsakiyar yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mai gadi yakan zaci duk haɗarin aikinsa yana wurin masu son shigowa. Amma a makaranta, wanda ya zo da hawaye yana cewa a buɗe masa ya fita shi ne abin lura. Sau da yawa ba gida yake so ba, ɗan lokaci yake bukata kafin zuciyarsa ta dawo. Ba za ku iya yi masa gudun ba, ba kuma ku da ikon tsare shi. Amma kuna iya ba shi benci, kuna iya yin nawa da makulli, har wani ya zo ya kira sunansa.